Kyan Ɗan Maciji A Madafarmu

Duk wanda ya tashi tsakanin Nguru da Gashuwa, kamar ni, ya san daɗin miyar kifi ta tukunyar ƙasa. Iyayenmu mata kuwa suna da ƙa'idarsu. Sabuwar tukunya sai an jiƙa ta, an tafasa ruwan dusa a ciki, sa'an nan a fara da wuta kaɗan-kaɗan. Ba a kwara mata ruwan sanyi tana da zafi, don nan take za ta tsage. In ta tsage kuwa ta bar miya ke nan, gama datti yana maƙalewa cikin tsagar.

Tun da jirgin ƙasa ya iso Nguru a 1930 kayan waje suke kwararowa ƙasarmu, har ga shi yau tangaran ya cika ɗakunan amare. To, jama'a, abin da ke damuna shi ne sheƙin nan da muke sha'awa. Wani shafe ne da ake gasawa a jikin kwano, wasu masu yin sa kuma suna haɗa shi da dalma. Abinci mai tsami, kamar kunun tsamiya, miyar yakuwa, tumatir da nono, yana narko dalmar, balle in da zafi kuma ya daɗe a ciki. Ba ta wari, ba ta ɗanɗano, wanki kuma ba ya kawar da ita.

Ba mu manta da 2010 ba, lokacin da gubar dalma daga duwatsun zinariya ta kashe yara wajen 400 a yankunan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara. Ta kwano kuwa a sannu take taruwa a jiki, ta dakushe basirar yaro, ta lahanta ƙodar babba. Ba na ɗora wa kwano alhakin ciwon ƙodar da ya addabi Gashuwa, amma mai wannan ɗawainiya bai kamata ya ƙara wa ƙodarsa kaya ba.

Sai kuma tukunyar lantarki mai cikin tangaran, wadda ke dafa abinci a hankali na awa 6 zuwa 8. Ita da tsayayyar wuta take aiki. In aka ɗauke wuta, nama ya kwanta cikin ɗumi fiye da awa 2, ƙwayoyin cuta sun sami gida. Uwargida, ko dai ki maida shi kan murhu da wuri, ko kuwa ki haƙura da shi. Kada kuma ki sa daskararren nama a ciki sai ya narke.

Shawarata ita ce, kwanon ado ya tsaya a ado. Wanda ya ɓantare, ko fentinsa ya fara koɗewa, a raba shi da abinci, musamman na yara da masu juna biyu. Asarar kwano ta fi asarar lafiya sauƙi. Allah Ya kiyashe mu, amin.