Gurguwar Kazarmu



Waɗanda suka taɓa shigowa gidanmu a Belleville sun ga wani tsohon bokiti a bayan ƙofar ɗakin girki, da kan kaza yana leƙowa daga ciki. Da yawa sun tambaye mu, wasu sun yi dariya. To ga labarin.

Bara Baba ya aike mu, mu uku, kasuwar Adjamé mu sayo kaji huɗu na walimar saukar yayarmu. Mai kajin ya ɗaure musu ƙafafu da igiya, muka zuba su a bayan woro-woro. A hanya aka ɗora wa ɗaya buhun shinkafa, mu kuwa muna gaba muna hira, har muka haye gadar Houphouët-Boigny ba mu sani ba. Da muka sauka Treichville muka kwance igiyar, uku suka miƙe, ɗaya ta kasa. Ƙafarta ta hagu tana lilo.

Baba ya ce a fara da ita, tunda dama don wuƙa aka sayo ta. Ƙaraminmu ya fashe da kuka, ya rungume ta ya ƙi saki. Inna ta ce, "Malam, bar musu ita, uku ma sun isa." Baba ya ce ya bari, amma ranar da ya ji wari ko ya ji ƙorafin maƙwabta, ranar za ta shiga tukunya.

Wanda bai zauna a gidan haya na Treichville ba ba zai gane nauyin wannan sharaɗin ba. Tsakar gida ɗaya ce, ƙofa tara, famfo ɗaya. Inda ake shanya nan ake wanke-wanke, nan yara ke wasa. Ina za ka ajiye kazar da ba ta iya tashi daga kan kashinta?

Da farko mun yi mata ɗori da siraran itace biyu da tsumma. An ce mana ƙashin tsuntsu yana haɗewa cikin sati biyu zuwa uku. Mun jira sati huɗu. Da muka kwance, sai muka ga a gaɓa ne abin ya lalace, yatsun sun nannaɗe, ba ta iya taka su. A lokacin ƙirjinta ya fara yin gyambo saboda kwanciya a kan siminti, gashin wurin duk ya zube.

Sai muka kai maganar makaranta, muna tsammanin Malam zai yaba mana. Bai yaba ba. Ya ce yanka ta halal ne, riƙe ta ma halal ne, abin da bai halatta ba shi ne a bar ta cikin wahala da sunan tausayi. Ya tuna mana hadisin da ke cikin Bukhari da Muslim na matar da ta tsare kyanwa ba ci ba sha, da hadisi na 17 a Arba'una na Imam Nawawi, wanda ya yi umarni da kyautatawa har a wurin yanka. Ya ce mu zaɓi ɗaya mu yi shi da kyau. Wallahi mun fito jikinmu a sanyaye, don mun ga mu ne muke kusa da mai kyanwar, ba Baba ba.

Daga nan bokitin ya samo asali. Mun shimfiɗa tsohon zanen Inna a bakinsa muka ɗaure, muka huda ramuka biyu na ƙafafu da ɗaya a baya don kashi ya faɗa ƙasa. Tana zaune kamar a lilo, ƙirji bai taɓa ƙasa, ƙafar mai lafiya tana dafa gindin bokitin. A ƙasa muna zuba garin katako da muke roƙowa wurin kafinta, mu canza kullum bayan asuba kafin mu tafi karatu. Gwangwanayen tumatir biyu ne a gabanta, na ruwa da na tsaki. Da la'asar mu fito da ita mu sa ta cikin toka da yashi ta yi birgima, don haka kaji ke kashe ƙwarƙwatarsu. Mun taɓa ba ta ragowar garba, ta yi zawo kwana biyu. Mai da gishirin sun yi mata yawa. Yanzu dussar masara ce, da ganye, da ɓawon ƙwai da muke dakawa.

Amma mun yi laifi ɗaya da ba mu manta ba. Kun san ruwan watan Yuni a Abijan. Wani dare kowa ya ɗauka ɗan uwansa ya shigar da ita, ashe tana waje. Kaza mai lafiya da ta haye wani wuri mai tudu. Ita muka same ta da asuba, ruwa ya kai rabin bokiti, tana karkarwa, ido a rufe. Inna ta nannaɗe ta da tawul ta ajiye kusa da murhu, ba ta ce mana komai ba, kuma shirun ya fi duka zafi. Tun ranar muka rubuta kwanakin kowa a bango da gawayi.

Tanti ta ɗakin ƙarshe ta kai ƙararmu wurin Baba sau ɗaya, a kan ƙudaje, kuma da gaskiyarta. Muka roƙi sati ɗaya, muka koma wanke bokitin sau biyu a rana. Ba ta sake magana ba. Ƙwai na farko da kazar ta yi, wata biyar bayan karayar, ita muka kai wa.

Yanzu damuwarmu ɗaya: babba a cikinmu zai tafi Maraɗi ƙarin karatu bayan Sallah, kuma kwanakinsa uku ne a bangon. Ƙaramin ya ce zai ɗauka duka. Baba ya ce za mu gani.