Lambobi biyu da ke sauya wa mawaƙi murya

Duk wanda ya san harkar waƙa a yankinmu na Ƙaraye da Rogo ya san zamani ya juya. A da in yaro yana son ya yi waƙa sai ya tara kuɗin mota ya tafi Kano, ya bi layi a situdiyo ya jira mai fiyano. Yanzu kuwa kwamfutar tafi-da-gidanka da makirfo da ɗan batirin sola sun wadatar. A ɗaki ake yin waƙar biki da ta siyasa da bege, a ɗakin ake haɗa murya da kiɗa, a nan kuma ake yin mastarin, wato gyaran ƙarshe. Wannan ci gaba ne, ba na musu. Abin da ke damu na shi ne yawancin yaran nan sun iya komai har zuwa lokacin fitar da waƙar daga manhaja. Da kwamfuta ta nuna masu lambobi, 44,100 ko 48,000, 16 ko 24, sai su danna kowace ta zo hannu. To a nan gizo ke saƙar.

Bari in fara da ta farko. Mu 'yan fim mun san cewa motsin da muke gani a bidiyo hotuna 25 ne ke wucewa cikin daƙiƙa guda. Haka sauti yake a kwamfuta, sai dai shi samfur ake ɗiba sau dubbai a daƙiƙa. Ƙa'idar ita ce sai yawan samfurin ya ninka sautin da ya fi kowane siranta, kunnen ɗan'adam kuwa ba ya wuce kaɗawa 20,000 a daƙiƙa. Da kamfanonin Sony da Philips suka tsara faifan CD a 1980 sai suka tsaya a kan 44,100. Abin mamaki, lambar daga bidiyo ta samo asali: a lokacin a kan kaset ɗin bidiyo ake adana sautin, layi 294 sau 50 sau samfur 3, lissafi ya ba da 44,100 cif. Daga baya masu harkar bidiyo suka zaɓi 48,000, shi ne na DVD da kyamarorin DV.

Ka ga ke nan finafinanmu a tsakanin ma'auni biyu suka taso. Waƙa ta fito daga situdiyo a 44,100, kyamara ta ɗauko maganar 'yan wasa a 48,000 (wasu ƙananan kyamarorin ma a 32,000), edita ya haɗa, in VCD za a buga a koma 44,100, in DVD ne 48,000. Muna yara a gidan kallo a Ƙaraye mun sha ganin bakin jaruma ya tsere wa waƙa, mu yi ta dariya. Dalilan haka suna da yawa, amma wannan saɓanin yana cikinsu.

Ga yadda abin yake. Idan na'ura ta karanta waƙar 44,100 a matsayin 48,000 ba tare da an juya ta ba, za ta ƙara gudu da kusan kashi 9 cikin ɗari. Waƙar minti 5 za ta rasa daƙiƙa 24, murya kuma ta hau da kusan maɓalli ɗaya da rabi a fiyano. In akasin haka ne, waƙar ta ja ƙafa, murya ta yi kauri. Manhajojin yanzu kan juya da kansu, amma matsalar ba ta mutu ba, domin wasu suna canza wa fayil lamba ne kawai suna zaton sun juya shi.

Na ga wannan da idona. Wani matashi daga wajen Rogo ya ɗauki wani dattijo mai kukuma, ya tura wa wani edita don a haɗa da hoto. Da aikin ya dawo, sai ga dattijo yana rera waƙa da murya kamar ta saurayi, kukumar tana gudu kamar ana korar ta. Matashin bai ajiye na asali ba, ya goge don ya samu wuri a kwamfuta. Mutanen gidan dattijon da suka ji, cewa suka yi wannan ba muryar Baba ba ce. Kuma gaskiyarsu. Ana iya mayar da ita daidai in an gane abin da ya faru, amma wa zai gane nan da shekara ashirin, bayan duk waɗanda suka san muryar sun kau?

Juyawa ta gaskiya lissafi ce: kowane samfur 147 sai manhaja ta ƙirƙiro 160 a madadinsu. In kuma sauka za a yi, misali daga 96,000 zuwa 44,100, dole a tace duk sautin da ya wuce 22,050, in ba haka ba ya dawo cikin waƙar kamar wani baƙon fito. Shi ya sa a kan so a zaɓi mafi ingancin juyi da manhajar ke da shi, kuma a yi sau ɗaya tak. Mafi sauƙi ma, tun kafin ka kunna makirfo ka tambayi kanka ina waƙar za ta. In ta fim ce ko bidiyon YouTube, fara da 48,000 ka ƙare da shi.

Sai lamba ta biyu, wato bit. Ita ke nuna matakan da ake auna ƙarfin kowane samfur da su. Bit 16 na da mataki 65,536, bit 24 na da 16,777,216. Wanda ya yi aiki a 24 ya sauko 16, kowane mataki 256 sun dunƙule sun zama ɗaya, sauran ɓurɓushin an zubar. Inda kiɗa ke da ƙarfi ba a jin komai. Amma a wutsiyar waƙa, inda sauti ke dusashewa, sai ka ji yana ƙirƙir yana yankewa maimakon ya lafa a hankali.

Maganin abin Turawa na ce masa dita, ni kuwa yayyafi nake kiran sa. Ɗauki misalin mai awo a kasuwar Ƙaraye wanda ba ya lissafa abin da bai cika mudu ba. Manomin da kullum ke kawo rabin mudu ba zai taɓa samun ko sisi ba. Amma in ƙuri'a ake jefawa, yau a lissafa masa mudu guda, gobe a ƙi, a ƙarshen wata haƙƙinsa zai fito kusan daidai. Haka yayyafi yake: ɗan shuu ne, kimanin girman mataki guda, da ake zuba wa sauti kafin a rage bit, sai kuskuren ya watse ya zama iska mai laushi wadda da ƙyar kunne ke kama ta. Audacity, wadda kyauta ce, tana da shi, haka ma FL Studio da yaranmu suka fi so. Sharaɗinsa ɗaya ne: shi ne aikin ƙarshe. A fara juya samfur tun ana bit 24 ko 32, sannan a yi yayyafi lokacin sauka zuwa 16, daga nan kar a ƙara taɓa fayil ɗin.

Na san wani zai ce, “Malam, a lasifikar biki da janareto na ruri wa zai ji wannan?” Babu mai ji, wallahi. A waya ma haka. Yayyafi ƙaramin abu ne in aka gwada shi da saɓanin samfur. Amma danna wuri ɗaya ne, ba a biyan ko kwabo, kuma waƙa ba ta ranar biki kaɗai ba ce. Waƙoƙin su Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, yau da belun kunne ake jin su, kuma yadda aka ɗauke su a wancan lokaci haka suka iso mana.

Don haka ina kira ga ƙannena na Ƙaraye da Rogo: ku ajiye fayil na asali, WAV mai bit 24, a wuri biyu. Ku rubuta lambobinsa a jikin sunansa. In za ku tura ta WhatsApp ku tura shi a matsayin fayil, don kada a matse shi. Ku kuma editoci da furodusoshi, ku riƙa faɗa wa mawaƙi ma'aunin da kuke so tun kafin ya fara, gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba. Muryar mutum amana ce a hannun mai ɗaukar ta. Allah ya ba mu ikon riƙewa, amin.