Gurbi a Layi na Uku

Wata ranar Litinin a Maraɗi, ina kiran sunayen ɗalibai kamar kullum, na zo kan wani suna a layi na uku, ba a amsa ba. Wata yarinya ta sunkuyar da kai ta ce: "Malam, jiya aka yi jana'izarsa." Ɗan kabu-kabu ne ya ɗauko shi daga kasuwa, suka yi karo da babbar mota a kan kwalta, daga shi har mai babur ɗin, ba mai hular kwano. A wurin gaisuwa kowa cewa yake kwana ya ƙare, ni ma haka na ce, domin gaskiya ne. Amma da na koma gida sai tambaya ta hana ni barci: me ya sa kwanan ƴaƴanmu ke yawan ƙarewa a kan hanya fiye da na ƴaƴan wasu?

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna hanyoyi sun ci rayuka miliyan 1.19 a shekarar 2021, kuma idan aka auna da yawan jama'a, Afirka ce ta fi kowa asara, alhali ita ce mafi ƙarancin motoci.

Faransa, wadda nake koyar da harshenta, ta taɓa shiga wannan hali. A 1972 ta rasa mutum sama da 18,000 a kan hanya. A 1973 gwamnati ta tilasta ɗaura bel a kujerun gaba idan an fita gari, ta wajabta hular kwano, ta ƙayyade gudu. A 2002 Shugaba Jacques Chirac ya sa tsaron hanya cikin manyan ayyukan mulkinsa, a 2003 aka fara kafa na'urori masu ɗaukar hoton mai wuce ƙa'ida, waɗanda ba su san ɗan wane ba, ba sa kuma karɓar na goro. Zuwa 2013 mamatan ba su kai 3,300 ba, ga shi motoci sun ninka. Halin Faransawa bai sake a dare ɗaya ba. Doka ce aka yi, aka kuma tsare ta.

Mai karatu zai ce Faransa na da kuɗi. Haka ne. Sai dai duk wanda ya bi hanyar ƙasa mai lamba 1 daga Ƙonni zuwa Damagaram ranar kasuwa ya ga tallar yara a bakin kwalta, amalanke ba fitila da dare, mota da lodi ya fi ƙarfinta. Janye kasuwa daga hanya, da hana ɗaukar fasinja ba hular kwano, da jandarma mai tsayawa kan doka, ba su bukatar arzikin Turai. Dokokin muna da su a takarda.

Wani yaro ya zauna a gurbin nan na layi na uku. Da babur yake zuwa makaranta, kansa a buɗe.