Aikin Jinya Ga Wadda Ba Ta Iya Ɗaukar Nauyi

'Yata ta biyu ba ta da buri sai na shiga makarantar koyon aikin jinya ta Birnin Kudu. To, amma tun da ta ji ciwo a baya, likita ya hana ta ɗaukar ko da bokitin ruwa. Maƙwabtanmu a Takur sun rabu biyu: wasu sun ce ta haƙura ta nemi malanta, wasu kuwa sun ce ta yi shiru da zancen ciwon har ta sami shiga. Shawara ta biyun nan ce ta hana ni barci.

Duk wanda ya taɓa zaman jinya ya san abin da ake yi a ɗakin kwanciya. Ana juya wanda ya shanye don kada gyambo ya fito masa, ana tallafar tsoho zuwa makewayi, ana ɗora mai naƙuda bisa gado. Ko masu lafiya aikin na cin bayansu. A 2007 wani masanin lafiyar ma'aikata a Amurka ya ƙiyasta cewa bai kamata mai jinya ya ɗaga fiye da kimanin kilo 16 na jikin majiyyaci shi kaɗai ba, wato abin da bai kai jarkar ruwa ba. A nan kuwa, inda hannu ne na'urarmu, wa ke aunawa?

Gaskiya ne akwai fannonin da ba su bukatar ƙarfi sosai, kamar jinyar ido da ake koyarwa a Kaduna, ko rigakafi. Amma ba a kai wa gare su sai an bi ta horon farko, horon kuwa a bakin gadon majiyyaci ake yinsa. Dokar hana wariya ga naƙasassu, wadda aka sa wa hannu a 2019, ta ware musu kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati. Madalla. Sai dai doka ba za ta tare tsohon da ya suɓuce daga hannunta ba, kuma amanarsa tana wuyan wanda ya ɓoye.

Don haka na gaya mata za mu tafi Birnin Kudu da takardar likita a hannu, mu tambayi malamai ko za a iya haɗa ta da abokiyar aiki a wajen ɗagawa. In sun ce ba hali, ta yarda za ta nemi karatun awon jini a ɗakin gwaje-gwaje.