Abin da Akawu Ya Tsinta a Jami'a

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ɗan fili in amsa wa abokan aikina masu tambaya, wai me akawu mai iyali, wanda ya haura shekara 30, zai tsinta a jami'a.

Ni akawu ne a Kazaure. A makarantar mishan na koyi lissafi, na kuwa zaci wanda ya iya tarawa da ɗebewa ya gama sanin kuɗi. Da na shiga Jami'ar Bayero ta Kano neman digiri na tattalin arziki, sai muka zo ga fannin da ke koya wa mai sana'a yanke shawara. Ga abin da na riƙe: kuɗin da ya riga ya fita ba a shawara da shi. Abin dubawa shi ne, aikin da ke gabanka nawa zai ci, nawa zai kawo.

Yayana yana noman rani a ƙasar Roni da injin ban ruwa. Bayan an janye tallafin fetur ran 29 ga Mayu 2023, mai ya cinye masa jari. Da tumatir ya nuna ya yi arha, ya ce lalle sai ya kai kasuwar 'Yan Kaba a Kano, tun da ya kashe da yawa. Na ce, "Yaya, kuɗin mai ya tafi, ko ka je ko ka zauna. Mu lissafa kuɗin mota, da na 'yan dako, da la'adar dillali, da abin da zai ruɓe a hanya." Muka lissafa, ashe ƙarin da Kano za ta ba shi bai kai kuɗin tafiyar ba. Ya yi fushi da ni kwana biyu, sa'an nan ya sayar da rabi a gida, ya yanka sauran ya shanya. Da damina kauɗa ta yi tsada, ita ta biya masa bashi.

To, 'yan'uwana akawuna da malamai na Babura da Gwiwa, ilmin nan ba na masu kamfani kaɗai ba ne. Jami'a kuwa, ga ta tarayya a Dutse tun 2011. Wahala akwai ta, albashi ba ya isa, amma gemu ba ya hana ilmi.

Haza wassalam. Ni ne naka,
Wani Akawu, Kazaure.