Doka a Rubuce, Garkuwar Talaka

Akwai wata ƙa'ida guda cikin Tsarin Mulkin Nijeriya wadda na ke so duk wanda ya fito daga ajin Yaƙi da Jahilci ya riƙe ta, ko da bai san sauran ba. Ma'anarta ita ce, ba za a kama mutum da laifi a hore shi ba sai laifin nan yana rubuce cikin doka, an bayyana shi, an kuma faɗi irin horon da ke kansa. An sa ta cikin Tsarin Mulkin 1960, tana nan kuma a sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999. Magana ce gajeruwa, amma an daɗe ana wahala kafin a kai gare ta.

A zamanin mulkin Turawa, shari'a iri uku ce ke tafiya tare a Arewa. Alƙalai da majalisun sarakuna suna hukunci da littattafan mazhabar Malikiyya, kamar su Risala da Muhtasar da Tuhfa. Kotunan gargajiya na ƙabilun da ba Musulmi ba suna bin al'adun kakanninsu, waɗanda ba a rubuta ba. Kotunan Turawa kuwa suna da nasu littafin laifuffuka, wanda aka fara aiki da shi a Arewa tun 1904. To, sai ya zama laifi ɗaya yana da hukunci biyu ko uku, gwargwadon ƙofar da aka shigar da mutum.

Shari'ar Tsofo Gubba ta 1947 ita ce ta fito da wannan matsala fili. Ya kashe wani mutum cikin zafin rai, majalisar Sarkin Gwandu ta yanke masa hukuncin kisa, domin a Malikiyya kisan ganganci ne. Amma a littafin Turawa, wanda aka tsokane shi har hankalinsa ya gushe ba a kashe shi, ɗauri a ke yi masa. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma ta soke hukuncin. Sarakuna da alƙalai ba su ji daɗi ba, suka ce an raina shari'arsu. Aka yi ta gyaran doka shekara da shekaru, ba a sami daidaituwa ba. Kai mai karatu, ka dubi wannan al'amari: ran mutum ne a tsakiya, ya rataya ga wace kotu ce ta fara sauraronsa.

Da mulkin kai ya matso, sai Gwamnatin Jihar Arewa, a ƙarƙashin Firimiya Sa Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, ta nemi shawarar masana. A cikin 1958 aka kafa kwamitin mutum shida. Shugabansu Sayyid Muhammad Abu Rannat, Alƙalin Alƙalan ƙasar Sudan. Akwai Mai Shari'a Muhammad Sharif daga Pakistan, da Farfesa Anderson daga Landan, wanda ya yi zurfi cikin nazarin shari'ar Musulunci a Afirka. 'Yan gida kuwa su ne Shettima Kashim, Wazirin Barno, da Mista Peter Achimugu, da Malam Musa, Babban Alƙalin Bida. An zaɓo mutanen Sudan da Pakistan ne domin ƙasashensu na Musulmi ne masu zaune tare da waɗanda ba Musulmi ba, sun kuwa riga mu gamuwa da irin wannan matsala.

Shawarar da suka bayar ita ce a yi littafin laifuffuka guda ɗaya wanda zai hau kan kowa, a bar aure da saki da gado da sauran al'amuran iyali a hannun alƙalai bisa shari'ar Musulunci. Majalisa ta amince da littafin a 1959, aka fara aiki da shi ran 30 ga Satumba, 1960, watau jajiberin ranar mulkin kai. An ɗauko tsarinsa daga na Sudan, wanda shi kuma ya samo asali daga na Indiya na 1860. Ba a kwafo shi ido rufe ba. An bar zina a matsayin laifi, haka kuma shan giya ga Musulmi. Aka kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a, aka kuma riƙa kai alƙalai da malaman kotu kwas a Makarantar Koyon Sha'anin Mulki ta Zariya.

Ba kowa ne ya yarda da wannan tsari ba. Malamai da yawa sun ga an rage wa shari'a ƙarfi, maganar ba ta mutu ba har shekara arba'in. A 1999 Jihar Zamfara ta yi shelar komawa ga hukunce-hukuncen shari'a, ta fara aiki da su a Janairun 2000, jihohi goma sha ɗaya suka bi sahunta. Amma ga abin lura. Su ma sai da suka rubuta nasu littafin, sashe sashe, majalisa ta amince, domin ƙa'idar nan da muka fara da ita ta hau kansu. Ta kuwa yi amfani. A 2002 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Sakkwato ta soke hukuncin jifa da aka yanke wa Safiya Husaini, ɗaya daga cikin dalilanta shi ne abin da a ke tuhumarta da shi ya auku ne kafin dokar ta fara aiki.

Ni dai aikina riƙon alƙalami ne da ajiyar takardu, na kuwa ga abin da rashin karatu ke yi wa mutane. Na ga dattijo mai gemu ya dangwala yatsa a kan takarda bai san abin da ke ciki ba, kunya ta hana shi tambaya. Na ga wanda aka karɓi tara a hannunsa ba a ba shi rasit ba, ya yi godiya ya tafi. Na ga wanda ya zo neman ɗaukaka ƙara bayan kwanakin da doka ta yanke sun wuce, don ba wanda ya gaya masa akwai wa'adi. Ba doka ce ta cuce su ba. Doka tana nan a rubuce, su ne ba su da hanyar isa gare ta. Gaskiyar masu iya magana, rashin sani ya fi dare duhu.

Na sani rubutu kaɗai ba ya tsai da adalci. Alƙalin da ba ya tsoron Allah zai iya karkatar da kowane sashe, yawancin dokokinmu kuma da Turanci a ke buga su, abin da ya kamata masana da hukuma su dube shi da kyau. Amma abin da aka rubuta ana iya kai shi gaba, wani ya duba ya ce nan an yi kuskure. Abin da ya tsaya a baki kuwa, gobe sai a ce ba haka aka faɗa ba.

Saboda haka, ɗan'uwa, tun da Allah ya buɗe maka ido, yi aiki da karatunka. In an kawo maka sammaci, karanta shi kafin ka tashi. In an ce ka yi laifi, tambaya cikin ladabi wace doka ce, wane sashe kuma. Kada ka sa hannu ga takardar da ba ka karanta ba. In ka biya kuɗi, nemi rasit. In an yanke hukunci ba ka gamsu ba, nemi kofinsa, ka tambayi kwana nawa gare ka na ɗaukaka ƙara. Sa'an nan ka karanta wa maƙwabcinka wanda bai samu shiga aji ba tukuna. Allah ya ba shugabanninmu da alƙalanmu ikon yin adalci, amin.