Ikkilisiya Daga Tabarma Take Fara Girma

Yau na ɗan jingine labarinmu mai ci gaba, domin akwai wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya.

Duk inda mu masu bi muka haɗu, hirar ɗaya ce: an ƙaro benci, an faɗaɗa gini, sujadar Lahadi ta koma kashi biyu. Madalla, wa zai ƙi? Amma ni tambayar da nake yi ita ce, cikin wannan taro namu mutum nawa ne suka buɗe Littafi Mai Tsarki daga Litinin zuwa Asabar?

A gidanmu, tun kafin gari ya waye Baba kan kunna fitilar ƙwai ya tara mu a kan tabarma. Waƙa ɗaya daga Littafin Waƙoƙi, sura ɗaya, sai addu'a, sannan kowa ya kama gabansa. Mukan yi gyangyaɗi, Mama ta zungure mu. A hankali wata maƙwabciyarmu ta fara leƙowa, daga baya ta riƙa zuwa da 'ya'yanta. Ba wanda ya yi mata wa'azi da lasifika, ita ce ta ji ta matso.

Ai haka abin yake tun asali. Littafin Ayyukan Manzanni ya nuna mutum wajen 120 ne a farko, rana ɗaya aka ƙaru da kamar 3,000, sai kuma ya faɗi abin da ya riƙe su: koyarwa, zumunta da addu'a, gida gida. Mutanen Biriya ma da binciken Nassi kullum aka yabe su.

A ƙasarmu kuwa, a 1932 cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito, bayan doguwar wahalar su Likita Miller na Wusasa, kuma da yawa cikin kakanninmu a kansa suka koyi baƙi da wasali. Ikkilisiyar EYN a gindin tsamiya ta fara sujada a Garkiɗa, a 1923. Da Boko Haram suka mamaye hedkwatarta ta Kwarhi a 2014, suka ƙone majami'u masu yawa, waɗanda suka gudu ba su ɗauki benci ko kwanon rufi ba. Ayoyin da ke cikin kansu su ne guzurinsu, da su suka ci gaba da sujada a wuraren gudun hijira.

To yau fa? Littafin yana cikin wayar kusan kowa, amma da asuba WhatsApp ake fara dubawa. Yaranmu sun san sunan kowane mawaƙi, ka ce su nemo Zabura sai an yi ta laluben shafi. Irin wannan yawa taron tsintsiya ne ba shara, kuma ranar da iska ta taso za a gane.

Don haka 'yan'uwa, iyaye maza da ku matan zumunta, ba sai an jira fasto ba. Minti goma ya isa. A karanta aya biyar, a bar yaro ya yi tambaya, a yi addu'a. Gobe ma a maimaita, domin da sannu ruwa ke cika tulu.

Allah ya ba mu ikon yi. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.